Turarena yana ƙarewa amma kuɗin ban gan su ba, a ina nake kuskure?

Maman Ikram:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta hirarrakinku ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya ishe ni, na ce bari in kawo kukana.

Ni haifaffiyar Kano ce, amma kakata ta wajen uwa Babarbariya ce, a Gwange ta zauna a Maiduguri har Allah Ya karɓi ranta. A wurinta na koyi haɗa turaren wuta da humra. Duk hutun makaranta in aka kai mu, sauran yara suna waje suna wasa, ni ina gindin murhu. Ita ta koya min gyaran farce, wato murfin dodon-koɗin teku da ake sa wa turare: a jiƙa shi, a bi shi ɗaya bayan ɗaya da reza a kankare dattin da ke manne a bayansa, a shanya, a soya har ƙarnin ya fita, sannan a daka. Ita ta nuna min yadda ake gane sukari ya yi, ta ɗigo shi a yatsa ta murza, in ya ja zare sai a zuba itace a yi ta juyawa hannu ba tsayawa. Har gobe in na ɗora tukunya ƙamshin sandal ya tashi, sai in ji kamar tana bayana a kan tabarmarta tana cewa "ke 'yar nan, rage wutar."

Shekara da shekaru ina yi ne don ɗakina da na amaren dangi, kyauta. Bara da bikin ƙanwata, ƙawayenta suka dame ni da tambayar inda muka sayo turaren da aka turara ɗakin amarya. Da na ce ni na haɗa, ɗaya ta ce wallahi Anti zaman me kike yi? A daren na ɗauki hoton kwalba uku a kan madubi na sa a sitatus ɗina na WhatsApp. Kafin in kwanta mutum huɗu sun yi magana. Yau wata takwas ke nan.

Ga abin da ya ɗaure min kai. Haɗin da na yi na watan jiya: itace, wato sandal da gabgab da ɗan hawi, ₦18,000. Madarar turare, wato man turare zalla da ba a sirka ba, ₦32,000. Farce da misik ₦9,000. Sukari da gas ₦4,000. Kwalabe ashirin ₦9,000, sitika ₦3,000. Duka ₦75,000. Ina sayar da kwalba ₦4,500, kun ga ashirin ₦90,000 ke nan, a lissafina na ci ribar ₦15,000. To kaya sun ƙare ƙarƙaf cikin sati uku, na zo zan koma Sabon Gari sayayya, na duba asusuna na ga ₦54,000. Sai da na cika da albashina na koyarwa. Da na zauna na tuna, uku na bayar kyauta, ɗaya uwar mijina, ɗaya maƙwabciyata da ta haihu, ɗaya shugabar makarantarmu. Biyar kuma suna hannun mutane. A cikinsu har da 'yar yayar babana, wadda ta ɗauki biyu tun kafin azumi, kullum tana kallon sitatus ɗina, in na yi mata sallama sai ta turo min hoton furanni da addu'ar Juma'a.

Na biyu, waɗanda ba su san ni ba in sun yi magana tambayarsu ɗaya ce: yaya ƙamshinsa yake? Me zan ce? Sai in rubuta "yana da daɗi sosai, yana kama ɗaki," daga nan shiru, ba su sake dawowa.

Na uku shi ya fi damuna, kuma ina jin nauyin faɗa. Da can ranar haɗa turare ranar farin ciki ce a wurina. Yanzu in na ga oda gabana faɗuwa yake. Wata ta turo min hoton kwalbar wata mai turare ta ce irin wannan take so sak, har kala. Na yi mata, ta yaba, amma ni ko a kaskona ba zan sa shi ba.

Don Allah waɗanda suka riga ni a wannan hanya, ku faɗa min gaskiya ko da ɗaci. In ci gaba ko in koma yi wa ɗakina?

Hajiya Mai Humra:

Wa alaikumus salam. 'Yata, sannu da ƙoƙari, Allah Ya jiƙan kakarki. Yadda kika yi bayanin farce kaɗai ya nuna min kin iya, don yaran yanzu da yawa garinsa suke saya a leda, ba su san me aka niƙa musu ba. Shekarata goma sha huɗu a wannan sana'a, tun ana aiko min da kaya a motar Maiduguri ina kai wa mata gida-gida a Kaduna, kafin a san wani Instagram. Tunda kin ce ko da ɗaci, to ki saurara.

Ba bashi ne ya fara cin jarinki ba, farashinki ne. Ko da duk ashirin ɗin nan an biya ki a take, ba ki ci riba ba. Ɗauko biro. A kan ₦75,000 ɗinki, ina kuɗin adaidaita zuwa Sabon Gari da dawowa, da zuwa tasha kai saƙo? Sa ₦4,000. Ina datar da kike hira da kwastoma da ɗora hotuna? Sa ₦5,000. Leda, kwali, salatif, ₦2,000. Sannan ke da kika kwana uku kina kankare farce kina tsaye a kan wuta, baiwa ce? In da wata kika ɗauka ta yi miki, ai sai kin sallame ta. Sa wa kanki ₦10,000. Mun tashi ₦96,000. Kuma ba ashirin za ki raba da shi ba, goma sha takwas ne, domin a kowane haɗi kwalba biyu ba ta sayarwa ba ce, ta kyauta ce da ta gwaji, ko kin so ko kin ƙi. Kowace kwalba ta tsaya miki sama da ₦5,300. Kina sayarwa ₦4,500. Ashe duk wadda ta saya, ke kika yi mata ciko daga albashinki, ta tafi tana cewa Maman Ikram akwai sauƙin kaya.

Wani abin kuma da na koya da tsada: ba da kuɗin da kika sayo jiya ake yanka farashi ba, da wanda za ki sayo gobe ne. Madarar turarenmu daga waje take zuwa, Dubai da Indiya, dala take bi. Kafin a cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, dala a kasuwar canji ta Wapa a Kano ba ta kai ₦800 ba, a 2024 ta haura ₦1,500. A tsakanin nan na sayar da kayana kaf a tsohon farashi ina murna kasuwa ta buɗe, da na koma sari kuɗin tola goma na madara bai saya min shida ba. Ga gobarar kasuwar Monday Market ta Maiduguri a watan Fabrairun 2023, ga ambaliyar madatsar ruwa ta Alau a Satumbar 2024 da ta shiga kasuwar, duk lokutan nan sai da itace da kajiji suka yi min wuyar samu. Wadda ba ta ajiye komai a gefe ba, a irin wannan lokacin take rufe sana'a. Kafin ki faɗi kuɗin kwalba, ki buga wa mai sayar miki da madara waya ki ji nawa take yau.

In ni ce, ₦7,000 zan sa, ba ragi. Za ki rasa wasu, ki bar su su tafi. Araha ba ta ado, kuma mai neman turaren ₦2,500 akwai inda ake yi mata shi da garin katako da kala.

Maganar bashi kuwa, bashi hanji ne yana cikin kowa, ba zan ce ki yi faɗa da 'yar'uwarki a kan kwalba biyu ba. Waɗannan ki ɗauka kin yi sadaka, ki huta da kallon furanninta. Amma daga yau ki raba kyauta da ciniki. Wadda kika yi niyyar ba wa, ki ba ta da hannunki ki ce kyauta ce, a yi miki godiya ki samu lada. Wadda ta ce "kawo in an yi albashi," ki ce mata kuɗin ba naki ba ne, na masu kaya ne. Ba ƙarya kika yi ba, don in ba su dawo ba, ba ki da abin kai wa mai madara. Ni ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya sai ta tura kuɗi nake ɗaure mata kaya. Ta yi fushi wata biyu, yanzu ita ke kawo min kwastomomi daga ofishinsu.

Kuma ki buɗe asusu daban, ko OPay ko Moniepoint ko wanda ya yi miki, wanda kuɗin cefane da albashi ba sa shiga. Muddin tukunya ɗaya suke, ba za ki taɓa sanin wanda ke cin wani ba.

Ɗan Bama:

Hajiya ta gama magana a kan lissafi, ba ni da abin ƙarawa. Ni batu na uku ne ya sa na tsaya, don ya taɓa ni, ko da yake ni namiji ne kuma sana'ata daban.

Ɗinkin hula nake yi, ko in ce nake yi a da. Tun ina ɗan shekara goma sha biyu nake riƙe allura. Hula mai kyau, irin mai ƙananan ido ɗin nan, takan ɗauke ni sati uku zuwa wata guda, ina yi bayan la'asar a ƙofar gida ana hira. Ni nake zana ta, ni nake zaɓen zare. In na gama aka wanke aka ɗora ta a gungume ta bushe, nakan ɗauki minti goma ina juya ta a hannu kafin in yarda in rabu da ita.

A 2019 wani ƙanina ya ɗora hotunan huluna a Facebook. Oda ta fara zuwa daga Abuja, daga Legas, har wani a Kumasi. Mutum ɗaya ba ya ɗinka hula talatin a wata, sai na fara raba aiki ga mata a unguwa, ina ba su zane da zare ina biyansu. Yau mutum goma sha ɗaya ke min ɗinki. Alhamdulillahi, da ita na yi aure, da ita nake riƙe mahaifiyata, ba zan yi wa Allah butulci ba. Amma malama, rabona da in fara hula in gama ta da hannuna ya fi shekara biyu. Aikina yanzu waya: wane ya ce girman kansa 22 ne ashe 23 ne, wane yana son ruwan toka an kai masa ruwan ƙasa, direba bai ɗaga waya ba. Na zama dillalin abin da na fi kowa iyawa.

Shi ya sa ban goyi bayan masu cewa kullum a faɗaɗa ba. Ki fara tambayar kanki me kike nema. In kuɗin da zai maye albashi kike so, to ki sani za ki yi turaren da ba ya burge ki, kamar yadda nake sayar da hula mai ƙyalƙyali da ni ba zan sa ba, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In kuwa so kike abin ya riƙe kansa ya ɗan kawo na sabulu, to ki tsaya a haɗi ɗaya a wata, kala biyu ko uku da kika yarda da su, in sun ƙare a jira wata mai zuwa. Mai turo miki hoton kwalbar wata, ki ce mata ta je wurin mai kwalbar.

Kuma da zan ba ki shawara, haɗin kakarki na asali kar ki sa shi a kasuwa. Ki bar shi na ɗakinki da na 'ya'yanki.

Ummi 'Yar Gwarinpa:

Anti Maman Ikram sannu. Ni ƙanwarki ce a shekaru amma shekarata uku ina sayar da kayan ƙamshi da su dilka a intanet, bari in taɓa maganar "yaya ƙamshinsa yake."

Gaskiya waya ba ta kai ƙamshi, don haka ki daina wahalar da kanki da "yana da daɗi sosai," kowa haka yake rubutawa. Abu biyu suka yi min aiki. Na farko, 'yan mitsi-mitsin robobi na gwaji, cokali ɗaya a ciki, kala uku a leda ɗaya, kowanne da sunansa. Ina sayar da ledar ₦1,500, ba kyauta ba, kuma duk wadda ta sayi babbar kwalba ina jefa mata na wata kalar da ba ta saya ba. Rabin masu dawowa wurina saboda wannan ɗan cokalin suke dawowa. Na biyu, ki faɗa musu abin da za su iya hasko shi: wannan mai sanyi ne na bayan an share ɗaki da safe, wannan mai nauyi ne yana kwana a labule, wannan na kaya ne a turara a kabbasa. Mace ta san me take nema in kika yi mata magana da yarenta.

Sannan Anti, labarin nan da kika ba mu na farce da reza da sukari mai jan zare, wallahi shi ne tallarki, kina zaune a kansa. Ki jingina waya a taga inda haske yake, ki ɗauki hannunki kawai kina juya itace a tukunya, hayaƙi na tashi, kina magana kamar yadda kika yi mana nan. Ba sai fuskarki ta fito ba, ni ma maigidana bai yarda da wannan ba. Ba sai kin faɗi ma'auni ba. A nan ne ban yarda da Malam Ɗan Bama gaba ɗaya ba: ki ɓoye sirrin haɗin, wannan daidai ne, amma turaren kakar shi ya kamata ya zama na gaba a shagonki, mai tsada, don shi ne ba wanda zai iya kwaikwaya. Sitatus kuma awa 24 yake yi ya ɓace, kuma waɗanda ke da lambarki kaɗai ke gani, wato dai dangin nan masu cin bashi. Ki sauke WhatsApp Business ki jera kayanki da farashi a rubuce, ki buɗe Instagram ko TikTok don baƙi su gan ki. Farashi a rubuce yana rage "nawa za ki bar min."

Gargaɗi biyu daga abin da ya same ni. Wata ta taɓa turo min hoton rasit na ₦38,000, har da saƙon alat ya shigo wayata, tana ta azalzalata wai motar za ta tashi. Na ba ɗan aike kaya. Da daddare na buɗe manhajar banki, ko sisi. Tun ranar, sai na ga kuɗi sun zauna a asusu da idona, hoto ba kuɗi ba ne. Na biyu humra. Na taɓa aika kwalba shida a mota, murfin ɗaya ya kwance, ta jiƙe kwalin har ta ɓata wa wata fasinja atamfa, direba ya kira ni yana ta faɗa. Yanzu kowace kwalba sai na sa leda a bakinta kafin in murɗa murfi, in naɗe da salatif, in rubuta lambar mai karɓa a jikin kwalin da babban biro, in ɗauki hoton lambar motar in tura mata. Kuɗin mota kuma na mai saya ne, ki faɗa tun kafin ta biya.

Abban Sadiq:

Ƙari kaɗan. In abin ya zauna, ki yi wa sunan kasuwancin rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kafin ki buga sitika da yawa, kar ki wayi gari wata ta riga ki sunan. Humra da kulacca kuma tunda a jiki ake shafawa, suna cikin kayan da NAFDAC ke sa ido a kai, manyan shaguna za su tambaye ki lamba in kika kai musu. Ba yau ba, amma ki sa a ranki.

Maman Ikram:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, jiya da daddare na ɗauko biro kamar yadda kika ce, na bi haɗi takwas ɗin da na yi tun farko. Ban gama ba na rufe littafin, don kunyar kaina ta kama ni. Maigidan yana gefe yana dariya, wai dama ya lura tun da na fara kasuwanci gas ɗin gidan ba ya kai wata.

Yau da safe na sa sabon farashi, ₦6,500, hannuna bai iya rubuta bakwai ba tukuna. Mutum biyu sun karanta sun yi shiru. Wata kuma ta ce "kai Anti, abin ya zama haka?" sannan ta tura na kwalba ɗaya.

Malam Ɗan Bama, maganarka ta kwana a raina. Zan tsaya a haɗi ɗaya a wata har ƙarshen shekara in ga yadda zuciyata za ta yi. Na kakata kuwa ban yanke ba tsakanin maganarka da ta Ummi. Akwai ragowar wanda muka haɗa tare da ita a zuwana na ƙarshe, rabin kwalba, yana ƙasan akwatina. Ɗazu na buɗe na shaƙa na mayar.

Ummi, robobin gwajin nan a ina kike samunsu, kuma dozin nawa? Sannan in wayar ba ta da abin tsayawa, da me kike jingina ta kar ta faɗa tukunya?